Ƙanwata ta aiko mana da kwalaben gwajin DNA daga Amurka: doka ta yarda mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Kubwa. Ƙanwata da ke aure a Amurka ta yi wani gwajin DNA da ake saya ta intanet, a tofa yawu a 'yar kwalba a aika, a turo wa mutum sakamako a waya: asalin kakanninsa da cututtukan da ya gada. Ta aiko mana da kwalabe uku, ɗaya tawa, ɗaya ta Hajiyarmu, ɗaya ta babban ɗana mai shekara 9. Wani abokin aikina da ya yi karatu a Faransa ya ce a can yin haka laifi ne. Shin a Najeriya doka ta yarda? Kuma me zai sa gwamnati ta hana mutum sanin abin da ke jikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka, a Faransa laifi ne. A Najeriya kuwa babu wata doka da ta hana baligi mai hankali ya tofa yawunsa a kwalba ya aika inda ya ga dama, babu wanda zai kama ka. Sai dai kwalaben nan uku ba hukuncinsu ɗaya ba, taka daban, ta Hajiya daban, ta yaron kuma ita ce ta fi damuna. Aikina a nan Abuja ya fi karkata ga shari'o'in lafiya da na kare bayanan mutane, kuma yawancin waɗanda ke zuwa mini da maganar DNA sai bayan sakamako ya fito suke zuwa, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tunda kai ka tambaya tun kwalaben suna rufe, bari in ba ka amsar da tsawonta.

Ka fara sanin abin da ake yi da yawun. A cikinsa akwai ƙwayoyin jikinka, a kowace ƙwaya kuma akwai rubutun gado, wato DNA, mai haruffa kusan biliyan 3. Kamfanonin nan ba sa karanta rubutun duka. Suna duba wurare wajen 600,000 da aka san mutane na bambanta a cikinsu, su kwatanta da na mutanen da ke rumbunsu, sannan kwamfuta ta yi kirdado. To rubutun nan ba naka ba ne kai kaɗai. Rabinsa na Hajiya ne, rabi na mahaifinku. Ɗanka ya ɗauki rabin naka. Kai da ƙanwarka kun yi tarayya a kusan rabi, da kawunka kusan kashi 25 cikin 100, da 'ya'yan baffanka kusan 12 da rabi. Duk ranar da ka aika naka, ka aika wani yanki na mutanen da ba a tambaye su ba. Daga nan saɓanin ƙasashe ya samo asali: wasu sun ce jikinka ne, kuɗinka ne, je ka yi, wasu sun ce abin ya shafi dangi da nasaba, ba za a bar shi a hannun kasuwa ba.

Faransa ce ta fi kowa tsanani. Tun dokokinta na 1994 ta rubuta cewa ba a binciken ƙwayoyin gadon mutum sai don magani ko binciken kimiyya, da yardarsa a rubuce. Wanda ya nemi a yi masa gwajin a wajen wannan tsari, ko da na kansa ne, tarar yuro 3,750 na jiransa. Gwajin tabbatar da uba kuwa sai alƙali ya ba da umarni a cikin shari'a. A 2021 majalisarsu ta sake duba dokar, an yi ta muhawara a kan ko a sassauta wa masu neman asalin kakanni, aka bar haramcin yadda yake. Hujjarsu ita ce zaman lafiyar iyali, da tsoron kada mutum ya buɗe waya shi kaɗai cikin dare ya ga an ce yana ɗauke da cutar da ba ta da magani, babu likita kusa da zai fassara masa. Duk da haka dubban Faransawa suna saya daga waje ta intanet, kuma ba kasafai ake gurfanar da kowa ba, don gwamnati ba ta iya buɗe kowace ambulan da ke fita ta gidan waya.

Tsarin Jamus ya fi kwanta mini a rai. Dokarsu ta gwajin ƙwayoyin gado ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairu 2010. Ba ta hana neman asalin kakanni ba, amma duk gwajin da ya shafi lafiya sai ta hannun likita, kuma idan na hasashen cutar da ba ta bayyana ba ne, dole a zauna da mutum a yi masa bayani kafin gwaji da bayansa. Sun kuma rubuta wani haƙƙi da mu ba mu cika tunawa da shi ba, wato haƙƙin ƙin sani: mutum na iya cewa a tsaya, ko a lalata sakamakon ba tare da ya gani ba. Yaro ƙarami ba a yi masa gwajin cutar da sai ya girma za ta taso, sai in sanin zai amfani lafiyarsa tun yanzu. Wanda ya ɗauki gashi ko buroshin yaro a ɓoye ya kai gwajin uba, ana iya cin sa tarar da ta kai yuro 5,000, kuma tun 2007 kotun tsarin mulkinsu ta ce irin wannan sakamako na ɓoye ba hujja ba ne a gaban alƙali. Amma ba su toshe wa uba mai shakka hanya ba, a 2008 sun ba shi damar neman gwajin a fili, in an ƙi ya je kotu.

Ingila ta bar kasuwar a buɗe, har a kantunan magani an sayar da kwalaben. Abin da ta tsare shi ne yarda. A ƙarƙashin dokar 2004 kan sassan jikin ɗan Adam, mallakar wani abu daga jikin mutum da niyyar gwada DNA ɗinsa ba da izini ba laifi ne da ke iya kai wa ɗaurin shekara 3. Sin kuma ta kalli abin ta wata fuska: dokarta ta 2019 ta ɗauki ƙwayoyin gadon 'yan ƙasa a matsayin dukiyar ƙasa, baƙo ba ya tattarawa, ba a kuma fitar da su waje sai da izinin gwamnati.

Yanzu Amurka, inda kwalabenku za su sauka, don haka dokar can ce za ta yi aiki a kansu fiye da tamu. A can ma ba sakaka aka bar abin ba. A Nuwamba 2013 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta umarci kamfanin 23andMe ya daina sayar da gwajin da ke ba da bayanin lafiya, saboda bai kawo hujjar ingancinsa ba. Sai a 2015 ta fara ba shi izini kaɗan-kaɗan, a 2017 ta amince da rahoton haɗarin cututtuka 10, ciki har da ciwon mantuwa na tsufa. A 2018 ta amince da gwajin BRCA, ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da sankarar mama da ta ƙwan mace. A nan nake so ka natsu. Izinin na 2018 na canje-canje 3 ne kacal, waɗanda suka fi yawa a wani jinsin Yahudawan Turai, alhali an san canje-canje sama da 1,000 a waɗannan ƙwayoyi. Daga baya an ƙara su zuwa 44, har yanzu ɗan kaɗan ne. Wani bincike da aka buga a 2018 kan matan Najeriya sama da 1,000 masu sankarar mama a Ibadan, ƙarƙashin Farfesa Olufunmilayo Olopade, ya gano kusan 11 cikin 100 na ɗauke da canji mai cutarwa a BRCA1 ko BRCA2. Wato matsalar tana nan a cikinmu sosai. Mace 'yar Najeriya da innarta da yayarta suka yi sankarar mama tana iya yin gwajin kwalba a ce ba a ga komai ba, ta saki jiki ta daina zuwa asibiti, alhali ba a duba inda nata yake ba. Wannan sakin jikin ya fi ba ni tsoro a kan sakamakon da ke tayar da hankali.

Ta ɗaya ɓangaren ma akwai kuskure. Wani ɗakin gwaje-gwaje na asibiti a Amurka ya sake duba samfuran mutanen da ɗanyen bayanan gwajin kasuwa ya nuna suna da canji mai haɗari, ya buga sakamakon a 2018: kashi 40 cikin 100 na canje-canjen babu su. Shi ya sa ko kamfanonin da kansu suke rubutawa a ƙasa, da ƙananan haruffa, cewa kada a yanke shawarar magani sai an tabbatar a asibiti.

Batun sirri kuma ya fi haka rauni. Dokar da ke kare bayanan majiyyaci a Amurka ta shafi asibitoci da kamfanonin inshorar lafiya ne, kamfanin da ka saya wa kwalba ta intanet galibi ba ya ciki, kai a wurinsa mai saye ne. Akwai dokar 2008 da ta hana mai ɗaukar aiki da inshorar lafiya nuna bambanci saboda ƙwayoyin gado, amma ba ta haɗa da inshorar rai ba. Kanada ta fi su rufe wannan ƙofa da dokarta ta 2017, wadda kotun ƙolinsu ta tabbatar a 2020. A Afrilu 2018 'yan sandan Kalifoniya suka kama Joseph DeAngelo kan kashe-kashen da ya yi shekaru da dama baya. Shi bai taɓa yin gwaji ba, danginsa na nesa ne suka ɗora nasu a shafin neman dangi na GEDmatch, aka bi reshe-reshe har aka iso gare shi. Kama mai kisa alheri ne, amma ka ga yadda yawun wani ke nuna wani. A Oktoba 2023 masu kutse suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 6.9 daga 23andMe, yawancinsu ta hanyar sashen nan da ke haɗa mutum da danginsa. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 2.31 a kan haka. A Maris 2025 kamfanin ya je kotu ya ce ya karye, sai bayanan mutum wajen miliyan 15 suka shiga jerin kadarorin da za a sayar, har babban lauyan jihar Kalifoniya ya fito ya tuna wa mutane su goge nasu. A ƙarshe wata cibiya ta Anne Wojcicki, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin, ta saye shi a kan dala miliyan 305. Katin banki idan an sace, ka je reshe su ba ka sabo. Wannan rubutun da shi aka haife ka, da shi za a binne ka, kuma jikokinka za su ɗauki wani abu daga ciki.

Mu dawo gida. Ba mu da doka guda da aka yi musamman don irin wannan gwaji. Abin da muke da shi gutsattsari ne a wurare daban-daban. Mafi ƙarfi ita ce Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta kuma kafa hukumar kare bayanai, NDPC, mai hedikwata a nan Abuja. Dokar ta sa bayanan ƙwayoyin gado da na lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri. Ta ba ka ikon janye yardarka, da neman a goge bayananka, ta wajabta wa kamfani sanar da hukuma cikin awa 72 idan an yi masa kutse mai haɗari, ta ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko waliyyi. Manyan masu riƙe bayanai idan suka saɓa, tararsu na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. A rubuce, dokar ta hau kan kamfanin waje ma muddin yana sarrafa bayanan mutanen da ke Najeriya. A aikace, kamfanin da ba shi da ofis ko asusu a nan, kuma kwalbar ta shigo ne a jakar matafiyi ta koma da adireshin ƙanwarka, zai yi wuya ƙwarai ka ja shi gaban wata hukuma tamu. Takardar sharuɗɗan da za ka danna wa "na yarda" ita za ta faɗi inda za a yi shari'a, kuma ba Abuja za ta ce ba.

Sauran gutsattsarin: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ɗibar jini ko wani sashe na jikin mai rai sai da yardarsa bayan an yi masa bayani, ta kuma wajabta sirrin majiyyaci. Majalisar kula da ɗakunan gwaje-gwaje, MLSCN, ita ke yi wa ɗakunan gwaji rajista a ƙarƙashin dokarta ta 2003. Masu binciken kimiyya ba sa fitar da samfurin jinin 'yan Najeriya waje sai da amincewar kwamitin ɗa'a da yarjejeniya a rubuce, kuma duk wanda ya tuna abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau da gwajin maganin Trovan a kan yara, ya san ba a banza aka kafa wannan shinge ba. To amma farfesa sai ya cika takardu kafin ya fitar da samfuri ɗaya, kai kuwa kana iya zuba na gidanku duka a ambulan ka ba mai tafiya. Wannan giɓin yana damuna, kuma ina ganin majalisa ta makara a kansa, musamman yanzu da wuraren gwajin uba suka yawaita a Abuja da Legas suna talla a Instagram, wasu har da cewa a kawo buroshi ko farce ba sai uwa ta sani ba.

Maganar uba ta kawo ni inda na fi so ka saurare ni. Kai ba gwajin uba ka nema ba, na sani. Amma ƙanwarka ta riga ta yi nata, yana rumbun kamfanin. Da zarar naka ya shiga, in aka kunna sashen neman dangi, kwamfuta za ta auna ku ta rubuta: uwa ɗaya uba ɗaya, ko kuwa ɗaya kawai kuka haɗa. Na yaron ya shiga, za ta rubuta ko ɗanka ne. Tana iya fito muku da wani baƙo a Landan ko Jidda ta ce ɗan'uwanku ne na kusa. Ba na zargin gidanku da komai, Allah Ya kiyaye. Amma mu mutane ne masu riƙo: ana ba wa wadda ba ta haihu ba ɗa tun yana jariri, agola ya tashi da sunan mijin uwarsa, maraya ya girma bai taɓa jin bambanci ba, manya sun sani sun yi shiru don alheri. Akwai kuma auren zumunci. Inda aka daɗe ana auren 'ya'yan wa da ƙani, ƙwayoyin gado kan yi ta maimaituwa, sai na'ura ta ɗauki dangi na nesa ta ce na kusa ne, don ma'auninta an gina shi ne a kan al'ummar da ba ta yin irin wannan aure.

Na taɓa zama da wani magidanci da ya zo ofishina da takarda daga wani wurin gwaji. Ya ɗauki samfurin 'yarsa a ɓoye, takardar ta ce ba tasa ba ce, kafin ya zo wurina ya riga ya faɗa wa 'yan'uwansa, matar tana gidan iyayenta. Na tambaye shi wa ya ga lokacin da aka ɗauki samfurin, wa ya rufe shi, wa ya sa hannu ya karɓa, a wace ƙasa aka gwada. Babu amsa ko ɗaya. Takarda irin wannan ba ta da nauyi a kotu, amma ta riga ta yi ɓarnar da hukuncin kotu ba ya gyarawa, kuma yarinyar tana da wayon da za ta gane abin da ake faɗa a kanta.

Dokarmu ba ta ɗauki nasaba da wasa ba. Sashe na 165 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce ɗan da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan rabuwa matuƙar uwar ba ta sake aure ba, kotu za ta ɗauka ɗan mijin ne. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Abuja, ta ba kotu iko a sashe na 63 ta ba da umarnin gwajin kimiyya idan ana jayayya kan uba ko uwa. Ka lura, kotu ce ke ba da umarni, a san wanda ya ɗauki samfur da inda aka kai shi. Ga Musulmi kuma, maganar aure da nasaba da gado tana zuwa kotunan da ke hukunci da shari'ar Musulunci, inda ƙa'idar ita ce hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa ɗa na mai shimfiɗa ne. Mijin da zai kore ɗa hanyarsa li'ani ce, wato rantsuwar miji da mata a gaban alƙali, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 6 zuwa ta 9. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Musulmin duniya, Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta yanke cewa ba a kore tabbatacciyar nasaba da gwajin DNA, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani, amma ana amfani da shi inda jarirai suka cakuɗe a asibiti, ko yara suka ɓace a yaƙi ko bala'i, ko ake jayayya kan wanda ba a san nasabarsa ba. Akwai kuma hadisin mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launin fata, aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne amma akwai mai toka-toka, wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi, aka ce masa ɗanka ma wataƙila haka ne. Idan ka duba da kyau, Faransa da malamanmu sun hau hanya daban sun sauka kusa da juna: dukansu sun ƙi a bar nasabar yaro a hannun mutum ɗaya da shakkarsa.

Asalin kakanni, wanda na san shi ne ya fi jan hankalin ƙanwarka, ba zan daɗe a kansa ba. Na'urar tana kwatanta ka ne da mutanen da ke raye yau waɗanda aka tattara nasu. Wani nazari na 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka wajen kashi 2, alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado. A babban rumbun duniya na 1000 Genomes, 'yan Najeriyar da ke ciki Yarabawan Ibadan ne da Esan na jihar Edo, babu Bahaushe, babu Bafulatanin Najeriya, babu Babarbare. Shirin binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka, H3Africa, mai ɗaya daga rumbunansa a nan Abuja, ya yi ƙoƙarin cike giɓin, amma da sauran tafiya. Za a ba ka kaso-kaso na yankuna, bayan shekara biyu su sabunta lissafi kason ya canza. Ba zai gaya maka ko kakanku daga Gobir ya taso ko daga Borno ba, kuma abin da Hajiya za ta ba ka a zaman hira ɗaya bayan sallar isha'i ya fi shi daki-daki.

Idan lafiya ce damuwar, gwajin gadon da ya fi yi mana amfani yana nan kusa da kai kuma ba shi da tsada. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya na ɗauke da ƙwayar sikila, ana haifar jarirai wajen 150,000 da cutar duk shekara a ƙasar nan. Jihar Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, jinotaif na ciki. Ka san naka da na mai ɗakinka da na yaran, a wurin gwaji mai rajista, in sakamako biyu suka saɓa a sake a babban asibiti. In kuma akwai cutar da ke bin danginku, kamar sankarar mama ko ta hanji da ke kama mutane tun da ƙuruciya, ka rubuta wa da wa ta kama, a shekara nawa, ka kai wa likita a Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada. Shi zai ce ko akwai gwajin da ya dace, kuma shi zai zauna da ku ranar da sakamako ya fito.

Kwalbarka, in ka ga sai ka yi, haƙƙinka ne. Ka karanta sharuɗɗan kafin ka tofa, ba bayan ka aika ba. Ka ƙi yarda a yi bincike da bayananka ko a ajiye yawun, sai in ka yi niyyar hakan da gangan. Ka bar sashen neman dangi a kashe har sai kai da ƙanwarka kun yi magana kun san kuna so. Ka buɗe asusun da kanka, da kalmar sirrin da ba ka amfani da ita a wani wuri, domin ta tsofaffin kalmomin sirri da mutane ke maimaitawa aka shiga a kutsen 2023. In ka ga abin da kake nema, ka sauke shi, ka nemi a goge asusun a lalata samfurin.

Ta Hajiya, kada a ce mata "tofa nan, magani ne". Ka zauna ka gaya mata da Hausa cewa yawun zai je Amurka, wani kamfani zai ajiye, zai nuna dangantakar jini tsakaninta da duk wanda ya yi gwajin, kuma yana iya faɗin cutar da ba a warkar da ita. In ta yi shiru ko ta ce a bari, an gama, kada ka tambaye ta dalili, kada kuma ƙanwarka ta kira ta a waya tana lallashi.

Ta yaron kuwa, doka ta ba ka ikon sa hannu a madadinsa, amma shawarata kada ka yi. Ba shi da ciwon da gwajin zai warkar, kuma abin da ka aika yau ba zai iya janye shi ba ranar da ya mallaki hankalinsa. Ko da za ka yi, mahaifiyarsa ta sani ta kuma yarda, don rabin abin da ke cikin kwalbar nata ne. Saura shekara 9 ya cika 18, lokacin sai ya karanta sharuɗɗan da idonsa. Kwalbar tana da ranar lalacewa a jikin kwalinta, ba za ta kai lokacin ba, don haka ka mayar wa ƙanwarka da ita tun yanzu ko za ta samu a dawo mata da kuɗinta.